Casa'in da Bakwai

Shekara ashirin da shida ina koyar da lissafi
a Iloilo, a makarantar bayan kasuwar kifi,
inda ƙarnin teku ke riga ɗalibai shiga aji.
Masunta ne suka gina ta tun ban san reza ba,
kowa da abin da komarsa ta kamo:
wani katako, wani kwanon rufi,
tsohuwa Perpetua ta ba da filin kwakwarta,
ta ce a bar mata itace ɗaya don inuwa.

Bara aka sayar da ita.
Ba wanda ya ga fuskar mai saye.
An ce kamfani ne a Manila, mai jiragen ruwa da masana'antar taliya,
an ce shi ma wani banki ke riƙe da akalarsa,
bankin kuwa, oho, sai dai ka tambayi teku.
Suka sare kwakwar, suka kafa allo mai ƙyalli da dare,
hoton wasu yara masu fararen haƙora
waɗanda ba a taɓa haifa a unguwar nan ba.
Shugabar makaranta ta koma manaja.
Iyaye, a wasiƙun da ake aiko mana, abokan ciniki.

Ranar jarrabawa aka danƙa mini jerin sunaye,
na tsaya a bakin ƙofa kamar yaron mota:
mai rasit ya shige, marar rasit ya juya.
Luningning ce ta ƙarshe, takalmanta a hannu saboda ruwa,
fensir biyu ta feƙe tun daga gida.
Guguwar watan jiya ta haɗiye kwalekwalen ubanta,
saura peso dubu da ɗari huɗu.
Ba ta roƙe ni ba. Da ta roƙa, da na sami bakin magana.
Ta dubi takardar hannuna, ta dubi kujerarta ta jikin taga.
Na sunkuya kamar mai neman wani abu a aljihu.
Ta wuce.

Da dare na duba aikinta, sauro na taya ni hira.
Casa'in da bakwai.
Ukun da ta rasa ma, ni na rubuta tambayar a karkace.
Da safe na je shigar da maki a na'ura,
na'ura ta ce sunan nan a kulle yake.
Na ce wa manaja ina mabuɗi?
Ta nuna arewa da leɓe, wato Manila,
ta ce, Crisanto, ni ma ƙirga ni ake yi.
Ta juyo mini da fuskar na'urar, sai ga ni:
layi na sha ɗaya, ƙasan kuɗin lantarki,
saman sabulun banɗaki,
da jan rubutu a gefe: ya tsufa, ya yi tsada.

Riba da faɗuwa na daɗe ina koyarwa,
da mangwaro nake misali, ko kwandon kifi.
Ban san za a wayi gari a kawo tambayar
da ni da yarinyar nan a cikin kwandon ba.
Amma wanda ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski:
ran Litinin na sake tsayawa a ƙofa,
wannan karon da mai gadi a bayana.

Yanzu tana rumfar uwarta, tana fafe cikin kifi,
tana haɗa lissafin canji kafin mai saye ya buɗe jaka.
Na tsaya na ce a auna mini rabin kilo.
Ba ta ɗago ba ta ce, nawa na ci?
Na faɗa mata.
Wuƙar ta ɗan dakata, sannan ta ci gaba.

Ta naɗe mini kifin a tsohuwar jarida.
Sai a gida na lura da shafin:
tallar makarantarmu ce, yaran nan masu fararen haƙora,
jinin kifi ya ratso ta cikin murmushinsu.